Tausayin da Ke Kwantarwa da Tausayin da Ke Tayarwa

Shin zai yiwu ƙauna ta cuci wanda ake ƙauna? Tambayar tana da nauyi, amma gidaje da yawa a Miri da kewayen Bauchi suna fuskantarta a ranar da aka sallamo uba ko uwa daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da zuciya ke fara faɗa mana shi ne mu hutar da shi. Sai a ba shi abinci a baki, a sa masa riga, a hana shi motsi. Duk don ƙauna ake yi. Amma Allah ya halicci jiki domin motsi. Gaɓar da aka bari a kwance takan sandare, tsoka ta rame, fata ta yi gyambo a inda nauyin jiki ya danne. Kuma a watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa. In suka wuce a kan katifa, aikin yakan ƙara wuya.

A nan ne aikin likitan gashi, wanda ake kira likitan fisiyo, yake shigowa. Sana'a ce ta ilimi: Turawan Ingila biyu suka kawo ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, Jami'ar Ibadan kuma ta soma ba da digiri a kanta a 1966. Makaminsa hannu ne da haƙuri. Yana miƙar da gwiwar da ta lanƙwashe, yana sa dattijo ya sake koyon zama, tsayuwa da taku, ko da yana kuka.

Wani zai ce, wannan ba rashin imani ba ne? Tsohon da ya sha wahalar duniya, don me za a ƙara masa? Maganar tana da gaskiya a ciki, domin ba kowane zafi ne magani ba. Jan hannun da ya shanye da ƙarfi yana iya lalata kafaɗa. Saboda haka ma'aunin yana hannun wanda ya koya, kuma dole a nemi yardar majinyaci, gama mutum ne mai daraja, ba itacen da ake miƙarwa ba. Amma tausayin da ke gudun hawayen yau, ya bar mutum a kwance shekara goma, sau da yawa kanmu muke tausaya wa.

Dubi Yahaya 5. Mutumin nan na Betasda ya yi shekara 38 cikin rashin lafiya. Ubangiji ya fara tambayar nufinsa, sa'an nan ya ba shi aiki: ya tashi, ya ɗauki shimfiɗarsa da kansa. A Ayyukan Manzanni 3 kuwa, Bitrus ya kama hannun gurgu ya tashe shi. Addu'a da miƙa hannu tare suka tafi.

Don haka, 'yan'uwa, mu kai majinyatanmu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da wuri, mu riƙe atisayen da aka koya mana a gida kullum. Zumuntar Mata da matasa su taimaka da kuɗin mota da rakiya. Iyaye kuma, in ɗanku ko 'yarku ta zaɓi wannan karatu, ku sa albarka, gama hidima ce. Ubangiji ya ba mu ƙaunar da ke tayar da mutum. Amin.