Layi Biyu a Jinin Mai Lafiya

Ranar da na raka yayana asibiti domin gwajin da ake yi kafin ɗaurin aure, mun shafe kusan minti 20 a kan benci muna jira. Yaya mutum ne mai yawan raha, amma ranar ko tari bai yi ba. Ma'aikaciyar ta ɗiga jininsa a kan wani ɗan siririn abin gwaji, ta ce layi ɗaya lafiya ke nan, idan kuwa biyu suka fito sai an sake zama. Ɗaya ya fito. Muka yi hamdala, muka wuce sayen goro.

Na manta da wannan benci har sai da karatu ya kai ni ga labarin mutanen da ake gwada allurar rigakafin cuta mai karya garkuwar jiki a kansu. A nan na tarar da abin da ya hana ni barci: akwai waɗanda layi biyu ke fito musu alhali babu ƙwayar cutar a jininsu. Abin gwajin gaggawa ba ƙwayar yake nema ba, sawunta yake bi, wato sinadaran kariyar da jiki ke ƙerawa idan ya gamu da ita. Allurar gwaji kuwa aikinta shi ne ta nuna wa jiki kamannin wani ɓangare na ƙwayar domin ya ƙera waɗannan makamai. Babu ƙwayar cutar mai rai a cikinta, ba ta iya sa wa kowa ciwon. Sai dai idan jiki ya amsa, takan bar tambari a jini, wani lokaci har na tsawon shekaru.

Shin ya halatta a nemi mutum mai ƙoshin lafiya ya ɗauki wannan kaya, bayan an gaya masa ƙarara cewa shi ba zai amfana ba?

Haka kuwa ake gaya masa. Matakin farko na gwajin rigakafi ba ya neman sanin ko allurar tana hana kamuwa. Tambayoyi biyu kawai yake yi: tana cutarwa? Jiki yana amsawa? A wani gwaji mai suna IAVI G001 da aka yi a Amurka, manya 48 masu lafiya ne suka shiga. An yi wa 36 allurar, sauran aka yi musu wadda babu magani a ciki domin a kwatanta. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a jikin 35 daga cikin 36 ɗin an tayar da wasu ƙwayoyin garkuwa masu wuyar samu, waɗanda ake fatan wata rana a horar da su har su iya tarar nau'o'in cutar iri-iri. Masana sun yi murna, kuma da dalilinsu. Amma babu ko ɗaya cikin mutanen 35 da ya koma gida da kariya. Hannu mai ciwo ya ba su, da jini kwalba bayan kwalba.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: ai ya yarda, ya sa hannu. Ba na raina wannan amsa. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da ita ta fara, bayan abin da likitocin Nazi suka yi wa fursunoni. Mu ma nan mun san kuɗinta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka kai ƙara suna cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Zargin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka ba ƙauracewa rigakafin shan-inna na 2003 ƙarfi. Saboda haka yarda ba ado ba ce.

Duk da haka ba ta isa ba. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To idan mai faɗar ma bai sani ba fa? A watan Satumba na 2007 aka dakatar da gwajin STEP, mai mutum kimanin 3,000, saboda allurar ba ta karewa. Daga baya aka lura da abin da ya fi haka muni: a cikin mazan da ba su da kaciya, waɗanda jikinsu ya riga ya san ƙwayar murar da aka yi amfani da ita wajen ɗaukar allurar, waɗanda aka yi wa sun fi kamuwa da cutar. Duk sun sa hannu. Babu wanda ya yaudare su. Sun amince da abin da su da likitocin duka ba su gani ba, domin da an gani, da ba a kira shi gwaji ba.

Akwai lokacin da na ce a bar abin baki ɗaya. Tun 1984 sakatariyar lafiya ta Amurka, Margaret Heckler, ta yi fatan samun allurar da za a gwada cikin shekara biyu, ga shi an haura 40 babu wadda aka amince da ita. Gwajin Tailan mai mutum fiye da 16,000 ya ba da kariyar kashi 31 cikin 100 a 2009. Da aka gyara shi aka kai Afirka ta Kudu, sai aka tsayar da shi a 2020: mutum 129 sun kamu a cikin waɗanda aka yi wa allurar, 123 a cikin waɗanda ba a yi wa ba. Amma ban iya tsayawa a kan wannan ra'ayi ba. Mutum kimanin miliyan 1.3 ke kamuwa duk shekara. Ɓera da biri ba sa iya ba da amsar ƙarshe a madadin ɗan Adam. Kuma akwai tabon rigakafi a damtsena tun ina jariri, wanda wasu da ban san sunansu ba suka fara miƙa jikinsu kafin ya iso gare ni. Wanda ya ci wannan bashi ba shi da bakin cewa a rufe ƙofa.

Inda na tsaya shi ne: sa hannu yana halatta allura, amma ba ya biyan bashi. Bincike yana da ranar rufewa, jikin ɗan sa-kai ba shi da ita. Wajibi ne a kula da shi idan ya cutu, a gaya masa sakamako ko da mai ɗaci ne, kuma idan an dace, allurar ta isa garinsu da farashin da mutanensa za su iya. Wasu cibiyoyin sun ɗauki alkawarin ci gaba da yi wa tsofaffin 'yan sa-kai gwaji na musamman, mai neman ƙwayar kanta ba sawunta ba. Wannan ba alfarma ba ce, biya ne.

Wani kason bashin kuma namu ne, kuma shi ya fi damuna. Layi biyu na bogi ba ya sa zazzaɓi. Abin da ke mai da shi masifa shi ne idon mutane. A 2024 jihar Kano ta mayar da gwaji kafin aure doka, kuma ina ganin alheri a ciki. Amma ka ɗauka wani saurayi ya shiga irin wannan bincike a ƙasar da ya yi karatu, ya dawo, ya zauna a bencin da muka zauna. Layi biyu ya fito. Yana da takarda a aljihu, yana da bayani mai tsawo. Kafin ya gama, labari ya riga shi isa gidan surukai.

Wani abokina ya tambaye ni ko zan miƙa hannuna idan aka kawo gwajin garinmu. Na ce ina jin zan miƙa. Amma kafin in karɓi biro zan tambayi likitan: shekara goma nan gaba, idan ma'aikaciya ta ɗago kai ta dube ni, kawun yarinya yana zaune a waje yana jira, wa zan kira, kuma zai ɗauka?