Fatar Mushe Da Darasinta Ga Muridi Ɗan Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa an ba wata 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna sadakar tunkiya, sai ta mutu. Da Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin, ya tambaye su me ya hana su cire fatar su jeme su amfana da ita. Suka ce ai mushe ce, ya bayyana musu cewa cin naman kaɗai aka haramta. Haka kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka.

To, ɗan'uwa mai shago, buhu da kwali da jarka da sikelinka duk amana ce. Wanda ya yar da abin da ke da sauran amfani ya shiga sahun masu almubazzaranci, waɗanda aya ta 27 cikin Suratul Isra'i ta danganta su da shaiɗanu.

Je ka kasuwar Katako a Yamai ka gani. Maƙera na narka gwangwanaye su fitar da tukwane, suna yanka tsohon tano su ƙera akwati da murhu. Ta nan iyalai da yawa ke cin halal. Kai ma in ka wanke jarka, ka ɗinke buhu, ka kai injin niƙa wurin mai gyara maimakon cin bashin sabo, jarinka zai tsira, ka sauƙaƙa wa talaka farashi, ka samu rarar da za ka ciyar a zawiya.

Sai dai a yi hattara. Jarkar da ta ɗauki fetur ko maganin ƙwari ba ta halatta a zuba mata man gyaɗa. Tsohon kaya kuma kada a shafe shi da fenti a sayar da sunan sabo, domin Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus.

Muridin da ke zama wazifa da magariba, ya kamata a ga wadar zucinsa a rumfarsa da safe.

Allah Ya sanya albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga ɓarna, albarkar Annabi (SAW). Amin.