Biyayya Ko Yarda? Tunani Kan Rayuwar Jane Grey

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk lokacin da na koma kan tarihin Jane Grey sai ta dawo mini sabuwa fil. Tambayar ita ce: idan aka reni yaro tun yana cikin zanen goyo a kan kada ya taɓa ce wa manya a'a, sa'annan ran nan aka zo masa da babbar magana ya ce to, shin wannan amsa tasa ce ko ta waɗanda suka rene shi? In kuma al'amarin ya ɓaci, wa ya kamata ya biya?

Ga mai karatun da bai san ta ba, Jane Grey 'yar gidan sarautar Ingila ce, an haife ta wajen 1537. Mahaifinta Henry Grey basarake ne, amma jinin da ya jawo mata masifa ta wajen uwa ya biyo, domin mahaifiyarta Frances 'yar ƙanwar Sarki Henry na Takwas ce. Yarinya mai irin wannan jini kuwa a wancan zamani kadara ce, kamar gona ko garke. Tana da kimanin shekara 10 aka miƙa riƙonta ga Thomas Seymour, kawun yaron sarki Edward na Shida, bisa alkawarin zai biya mahaifinta fam 2,000 kuma zai san yadda zai yi ya aurar da ita ga sarkin. Wannan ciniki bai kai ga gaci ba, don an sare kan Seymour a 1549, Jane ta koma gidansu a Bradgate ta jira na gaba.

A nan ne wani malami mai suna Roger Ascham ya kai ziyara a 1550, ya tarar duk mutanen gida sun fita farauta, ita kaɗai tana zaune tana karanta littafin Aflatun da Girkanci. Littafin kuwa shi ne wanda ke ba da labarin ranar ƙarshe ta Sukurat, malamin da aka yanke wa hukuncin kisa, yana zaune a kurkuku yana tattaunawa da almajiransa kan makomar rai. Allah Sarki! Ascham ya rubuta cewa ta faɗa masa a gaban iyayenta ba ta taɓa yin daidai, ko magana ta yi ko shiru, sai faɗa da mintsini, shi ya sa ta fake a karatu wajen malaminta John Aylmer mai sauƙin hali. Wasu masana tarihi na baya-bayan nan suna ganin an zuzuta muguntar iyayen nata, cewa tarbiyyar gidajen manya ce ta lokacin. Ko da mun karɓi wannan, bai canja komai a tambayarmu ba. Sai ma ya ƙara mata nauyi, don yana nufin ba a gidansu kaɗai ake yin haka ba.

A ranar 25 ga Mayu 1553 aka ɗaura mata aure da Guildford Dudley a Landan. Shi saurayi ne da bai girme ta da yawa ba, kuma ɗa ne ga John Dudley mai sarautar Northumberland, mutumin da ragamar mulki ke hannunsa tunda sarki yaro ne. A wannan biki aka aurar da ƙanwarta Katherine ga ɗan mai sarautar Pembroke, aka kuma aurar da wata 'yar Dudley ga ɗan wani basaraken. Aure uku a zama ɗaya, ko makaho ya shafa ya san ba maganar so ake yi ba, ƙulla zumuncin siyasa ake yi. Mu da muka saba karanta littattafan auren dole mun saba da yarinya mai wani masoyi a ɓoye wanda aka raba ta da shi. Labarin Jane ba shi da wannan. Ba a raba ta da kowa ba, an dai ɗauke ta daga kan littattafanta an ajiye ta inda ake bukata.

Sarki Edward yana kwance ciwo na cinsa. Shi ɗan Furotesta ne mai tsanani, kuma bisa dokar 1544 yayarsa Mary, 'yar Katolika, ita za ta gaje shi. Sai ya rubuta wasiyya ya tsallake Mary da Elizabeth duka biyu. Da farko ya rubuta cewa sarauta ta 'ya'ya mazan da Jane za ta haifa ce, da ya ga mutuwa ba za ta jira haihuwa ba sai ya gyara 'yan kalmomi, ta zama ta Jane ɗin kanta. Ya rasu ranar 6 ga Yuli yana da shekara 15. A wasiƙar da Jane ta aika wa Mary daga baya, ta ce da aka shaida mata ita ce sarauniya sai ta faɗi ƙasa tana kuka, ta ce ba ta cancanta ba. Amma iyayenta suna wurin, surukanta suna wurin, manyan majalisa sun durƙusa a gabanta, sai ta karɓa. An yi shelarta ranar 10 ga Yuli. Ranar 19 ga wata majalisar nan da ta yi mata mubaya'a ta ga jama'a sun bi Mary, ta juya. Kwana tara ke nan.

To, a nan ne maganar take. Abu mafi sauƙi shi ne mu ce yarinya ce, an yi wasa da ita kamar 'yar tsana, ba ta da laifin komai. Haka wani mai zane na Faransa, Paul Delaroche, ya nuna ta a 1833, cikin fararen kaya, an ɗaure mata ido, tana lalube. Ni ma na daɗe a kan wannan ra'ayi. Abin da ya raba ni da shi, ita kanta Jane ce, domin tarihi ya nuna ta iya cewa a'a. A cikin kwanakin nan tara, da aka kawo maganar a naɗa mijinta sarki, ta ƙi. Ta ce za ta iya ba shi babbar sarauta, amma zama sarki sai da yardar majalisar dokoki, surukarta ta yi ta fushi ba ta janye ba. Haka kuma ana saura 'yan kwanaki a kashe ta, Mary ta aiko mata da limamin Katolika, John Feckenham, ko za ta bar aƙidarta. Suka yi muhawara, ta tsaya kan bakanta, alhali surukinta Northumberland, babban mutum mai furfura, ya sauya aƙida kafin a sare kansa a watan Agusta 1553. Wadda ta iya wannan ba 'yar tsana ba ce.

Me ya hana ta ce a'a ga aure da kambi? A ganina, an raba mata duniya gida biyu tun tana ƙarama. An koya mata cewa imaninta nata ne, ita za ta tsaya ta amsa shi ita kaɗai, shi ya sa a nan ba wanda ya iya tanƙwara ta. Amma jikinta da aurenta da jininta, an koya mata na gidansu ne, kuma bijire wa iyaye a kansu zunubi ne. Da aka zo mata da sarauta, an zo da ita ta ƙofar da aka bari ba ƙyaure: umarnin uba, wasiyyar sarki, da kuma kiran kare addini. Wanda bai taɓa sanin yana da iko da abu ba, ta yaya zai hana a ɗauka?

Duk da haka ba ta wanke kanta tas ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. An yanke mata hukunci a watan Nuwamba 1553, Mary ba ta yi niyyar zartarwa ba, sai da mahaifin Jane ya sake tsoma hannu cikin tawayen Thomas Wyatt a farkon 1554, ba tare da ya tuna 'yarsa tana tsare a Hasumiyar Landan ba. Ranar 12 ga Fabrairu aka fara da Guildford, ta ga an wuce da gawarsa a amalanke, sa'annan aka fito da ita. A jawabinta na ƙarshe ta raba abu biyu. Ta yarda cewa abin da aka yi wa Mary ya saɓa wa doka, kuma amincewar da ta yi laifi ne. Amma nema ko kwaɗayin sarautar, ta ce hannunta ba shi ciki. Yarinyar da ba ta wuce shekara 17 ba ta auna rabonta na laifi, ta ɗauka, ta bar wa masu sauran nasu.

Na yarda da wannan awo nata, amma ban yarda da waɗanda suka karɓe shi daga hannunta ba. Mutum yana da damar ya tuhumi kansa a kan "to" ɗin da ya faɗa cikin matsi, wannan alamar mutunci ce. Waɗanda suka matsa shi kuwa ba su da bakin tuhumarsa. Ranar ɗaurin aure an ɗauke ta yarinya wadda ba a tambayar ra'ayinta. Bayan wata tara ba cikakku ba aka ɗauke ta babba mai cikakken hankali, wadda za ta biya da wuyanta. Tsari ɗaya ne ya yi mata duka biyun, kuma da yawa daga mutanen da suka sa hannu a takardar naɗinta suna cikin majalisar sabuwar sarauniya lokacin da aka zartar da hukuncin.

Mahaifinta ya bi ta bayan kwana 11. Mahaifiyarta ta sake aure a 1555. Shi kuwa mai sarautar Pembroke, da ya ga iska ta juya, sai ya sa aka raba auren ɗansa da Katherine, ya mayar da ita gidansu. Ya yi wa Mary hidima, ya yi wa Elizabeth, ya mutu a 1570 da sarautarsa da dukiyarsa.