Yaron da najasa ke kufce masa ba mai laifi ba ne

'Yan'uwa jama'ar wannan masallaci namu na baƙi a Auna.

Ranar Talata bayan La'asar wani bawan Allah ya zane ɗansa a bakin alwala, yaro ɗan shekara 7, don ya ɓata wando a makarantar allo. Yara suna ta dariya. Ba zan kama suna ba, amma tun ranar yaron bai sake leƙo masallaci ba. Liman ya ce in rubuta wani abu a kai.

Na tambayi wani ma'aikacin lafiya cikinmu. Ya ce yawanci taurin bayan gida ne da ya daɗe. Yaro ya taɓa jin zafi a masai, sai ya riƙa riƙewa. Kashin ya taru ya bushe, hanji ya buɗe har ya daina jin matsuwa, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe. Wallahi yaron bai ma san ya fito ba. Mu kuwa sai mu ce zawo ne, a sayo maganin tsayar da ciki a kemis, abu ya ƙara cushewa. Wasu su ce basir, wasu su ce iska.

To, ina hujjar duka? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Ƙais ta kawo jaririnta wurin Manzon Allah (SAW), ya yi fitsari a tufafinsa. Ruwa kawai ya nema ya yayyafa. Balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a cikin masallaci, babba ne fa da hankalinsa, amma Annabi ya hana a katse shi, ya sa aka zuba guga guda na ruwa. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi rangwame ga mai lalurar da najasa ke yawan kufce masa. Yaron da ba a fara rubuta masa zunubi ba, mu muka fi Shari'a tsanani a kansa?

Na san da wuya. Mun baro kakanni a Sakkwato, Argungu da Zamfara, uwa ita kaɗai ke wanki sau uku a yini, ga tsadar sabulu. Maigida, sannu ma taimako ce, balle ka ɗebo mata ruwa.

A kai yaro asibiti. Maganin laushin ciki na likita watanni ake yi ana sha, kada a bari don an ga sauƙin mako ɗaya. A yawaita masa ruwa, zogale, rama, gwanda. Bayan cin abinci ya zauna a fo kamar minti 5, ba tsawa. In ciki ya kumbura da amai, ko ana ganin jini, ko yana ramewa, a wuce Kontagora ran nan.

Malamin allo ya yarda duk yaron da ya nemi fita ya fita, ba tambaya. Wanda kuɗin mota ya gagara, ya same ni bayan sallah a asirce.

Sakataren masallaci