Shin Gajiyar Ɗa Tana Isa Kabarin Mahaifinsa?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashen Turai. Mutum zai rasa uwa ko uba, sai ya ɗaura niyyar gudu mai nisa ko tafiya bisa keke, yana roƙon jama'a su ba da taimako da sunan mamacin. Gudun birnin Landan, wanda aka fara a 1981, tsawonsa kilomita 42 ne da ƴan kai, ya kusa nisan Maraɗi zuwa Gidan Rumji, kuma kuɗin agajin da aka tara ta hanyarsa sun haura fam biliyan ɗaya. Musulmin can ma suna shiga. To, idan saurayin Agye ko Gazawa ya ce zai yi wa mahaifinsa haka, me za mu ce masa?

Da farko, mu sani wahalar da jiki ba ibada ba ce a kan kanta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin ƴaƴansa biyu, don ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa, sai ya bayyana cewa Allah ba Ya bukatar azabar da yake gana wa kansa, ya umurce shi ya hau abin hawa. A mazhabarmu ta Malikiyya ko salla ba a yi wa mamaci, balle gudu. Saboda haka gumin ɗa ba ya sanyaya kabari.

Abin da malamai suka haɗu a kan isarsa ga mamaci shi ne addu'a da sadaka. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ta rasu, ya tambayi wace sadaka ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya gina rijiya da sunanta.

Shin wannan ya haramta gudun? A'a. Annabi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.). Gudun nan matsayinsa matsayin mai shela ne a kasuwa: yana tara jama'a ne kawai, ba shi ne hajar ba. Amma a kiyaye abu uku.

Na ɗaya, niyya. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta. Wanda ake yi wa tafi a bakin hanya ya fi kowa kusa da riya.

Na biyu, kuɗin da aka tara sadakar masu bayarwa ce, shi mai gudu ladan nuna alheri gare shi. In yana son abin da zai kai wa mahaifinsa, ya fara sa hannu a aljihunsa.

Na uku, amana. A faɗi inda kuɗin za su, a kuma nuna inda suka shiga, har dala ta ƙarshe. Kada gudu ya ci lokacin salla ko ya tona al'aura.

Wuraren zuba sadaka kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Ba mu manta yunwar 2005 da yaran da tamowa ta kwantar a jihar Maraɗi ba. Ga rijiyoyin da suka rufta, ga bankunan cimaka da ke wofi tsakiyar damina, ga marayu. Wanda ba shi da ƙarfin gudu bai rasa komai ba: tiyar hatsi guda a asirce, tare da addu'a bayan kowace salla, ta ishe shi biyayya ga iyaye.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu cikin ƴaƴa nagari masu yi musu addu'a. Amin.