Amana Ko Takarda?

Akwai tambayar da dattawanmu na Gwarzo da Kabo suka sha yi, watau me ya sa sai an nemi takarda kafin yaro ya ƙetare iyaka? Hujjarsu ita ce, tun kafin Ingila da Faransa su raba ƙasar Hausa, uba kan damƙa ɗansa ga malami ko falke, a tafi da shi Maraɗi ko Damagaram ko Gwanja, ba wata shaida sai amana. A ganinsu, neman takarda tamkar tuhumar mutumin kirki ne.

Lalle maganar tana da nauyi, amma ni ban gamsu da ita ba. Amana tana aiki ne inda aka san juna. Mai unguwa a Kabo ya san yaro, ya san kakansa. To, jami'in shige da fice da ke bakin iyaka a Jibiya fa? Mutum biyu ne za su zo gabansa, kowanne riƙe da hannun yaro, kowanne ya ce ɗan ƙaninsa ne. Ɗaya kawu ne na gaskiya, ɗaya kuwa bara ko aikatau zai kai shi. Yaron bai iya kare kansa ba, bai ma san inda aka nufa ba. Wa zai yi magana a madadinsa in ba takarda ba?

Saboda haka ne ba a yi wa yaro fasfo a Nijeriya sai da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wasiƙar amincewar iyaye. Ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ɗauke biza tsakanin ƙasashen ƙungiyar, ba ta ɗauke takardar tafiya da ta rigakafi ba. Hukumar NAPTIP kuwa, ai ba a kafa ta a 2003 don yaƙi da fataucin mutane ba sai da aka ga ana cin amanar.

Sai dai hukuma ma tana da nata nauyin. Zalunci ne a wajabta wa talakan ƙauye takardar da ba a kawo masa kusa ba, don wahala ita ke tura shi ɓarauniyar hanya.

'Yan'uwana ɗalibai, ranar suna mukan yanka rago, mu tara jama'a su shaida ɗan wane ne. Takardar haihuwa ita ce wannan shaidar ga waɗanda ba su halarci sunan ba. In mun koma gida hutu, mu faɗa wa iyayenmu haka.