Zuhudu Har Cikin Kwandon Cefane



Zuhudun muridi yana bin sa daga buzun wazifa har kasuwa. Ledar da aka yar ita ke toshe lambatu da damina, ruwa ya ci gidan maƙwabci. Ita akuyar talaka ke haɗiyewa ta mutu. Wannan hakki ne, za a tambaya.

Tun 2014 doka ta hana leda marar kauri a Nijar, amma taƙawa ce ke shiga inda doka ba ta kai.

Muridi ya riƙe kwandon kaba, ya kai kwano wurin mai ƙosai, ya girka randa da moɗa a zawiya maimakon ruwan leda. Canjin da ya rage ya koma tukunyar iyali.

Allah Ya tsarkake zukata da unguwanni, albarkar Ma'aiki. Amin.